Sambo Gafir a Nadin Ɗayyabu

Shekara goma sha tara Sambo yana cin abinci shi kaɗai. To, a ce sha huɗu matarsa Yalwa tana gefe tana kore masa ƙuda, biyar ɗin ƙarshe kuwa daga shi sai ƙudan. A Hillat Mati, ƙauyen Hausawa da ke gabas da garin Suki, can kan tsohuwar hanyar Makka, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Nan namiji ba ya cin tuwo a cikin gida sai in ciwo ya kwantar da shi. Ana sallame magariba kowa zai ɗauko kwanonsa ya fito ƙofar masallaci, a shimfiɗa tabarmi, a haɗa kwanuka, mai miyar kuka ya sa hannu a ta mai kuɓewa, a yi gardamar ruwan gona har kwano ya bushe. Wanda aka daina gani a tabarmar nan, ko dai ya yi tafiya ko an kai shi makwanci. Sambo bai yi ko ɗaya ba. Yana can bakin babbar kwatar da ke kai ruwa gonaki, tafiyar rabin awa daga gari, a wata bukka kusa da gonarsa da mutanen wajen ke kira hawasha.

Abin da ya kai shi can, ga shi.

Malam Mati da ya kafa garin da ƙafa ya zo daga Sakkwato, yana nufin Makka, hanya ta ajiye shi bakin kogin nan. Ya bar wa jikokinsa wasiyya guda: duk wanda ya fito daga yamma ya ce Ɗakin Allah ya nufa, ba a rufe masa ƙofa, ba a kuma tambayarsa sunansa sai ya kwana uku. Da wannan aka yaye Sambo. Da ya girma wani kamfanin noma ya ɗauke shi gafir, wato mai gadin sito, ya yi shekara ashirin da biyu ko igiyar buhu ba ta ɓata a hannunsa ba.

Wata Juma'a da rana tsaka, ma'aikata duk sun tafi masallaci, sai ga wani dattijo a bakin ƙofar sito da sanda da gora, ƙafafu duk faso. Ya yi sallama da Hausar da Sambo bai ƙara jin irinta ba tun rasuwar kakarsa, ya ce daga ƙasar Gobir yake, Makka za shi. Sambo ya miƙe da murna. Ya buɗe ƙofa, ya zaunar da shi a inuwa, ya ba shi ruwa, ya ce bari ya je gida ya kawo abinci. Makullan sito suna rataye a ƙusa, kusa da kan baƙon. Sambo ya kai hannu zai ɗauka, kunya ta kama shi. Yaya zai zare makulli a gaban baƙon Allah, kamar yana ce masa ɓarawo? Ya mayar da hannunsa ya sosa ƙeya, ya fita.

A gida Yalwa ta ce mai tafiya Makka ba a kai masa ɗumame, ta hura wuta ta tuƙa sabo. Kafin ya dawo an fi awa guda. Ya tarar da sawun babbar mota, sito wayam, sabon injin ban-ruwa da buhunan riɗi sun yi gaba. Baƙon dai ya bar masa sanda da gora, ba a ce bai san alheri ba.

'Yan sanda suka kai Sambo Suki, an yi masa tambayoyi kwana tara, aka gane ba da shi aka haɗa baki ba, aka sallame shi, aiki kuwa ya tafi. Duk wannan ya shanye. Ranar da ya dawo ya ɗauki kwanonsa ya tafi tabarmar masallaci. Ya zauna ke nan, Hamid mahauci, mutumin da bakinsa ya fi wuƙarsa kaifi, ya leƙa kwanon ya ce, "Sambo, baƙonka ya ce a gaya maka miya ta yi gishiri." Tabarma ta kwashe da dariya. Har Garba, abokinsa tun suna yara suna kamun kifi, ya yi dariya sai da tari ya sarƙe shi. Sambo ya rufe kwanonsa ya miƙe. Kafin damina ya kwashe kayansa ya koma hawasha, yana salla da leburorin da ke zuwa tsinkar auduga su tafi, yana aiken masu keken jaki su sayo masa sukari da ganyen shayi. 'Yarsa Hanan ta yi aure a Damazin, takan kira shi ran Juma'a in waya ta shiga. Kullum da magariba yakan jiyo kiran sallar gari daga nesa, ya san yanzu ana shimfiɗa tabarmi. Yana son komawa kamar ransa zai fita, yana kuma tsoron dariyar nan fiye da yadda yake tsoron ciwo.

Wata Alhamis bayan azahar sai ga Garba a kan jaki, ya tsufa ya ranƙwafa, idanunsa sun yi fari. Ya sha zuwa a baya, Sambo yana ba shi shayi, ba ya ba shi fuska. Yau ko sauka bai yi ba.

"Tashi mu tai gari," in ji Garba. "Akwai wani yaro, Ɗayyabu, da yaƙi ya koro daga wajen Madani, ya buɗe nadi, gidan kallo. Yau za shi sa fim na ɓarayi, an juya shi da Hausar Kano. An ce sai mutum ya riƙe cikinsa."

"Na ɓarayi? Garba, ba'a ka zo yi mini?"

"Wallahi a'a. Ni ban ko gani sosai, ina son wanda za shi zauna kusa da ni shi gaya mini abin da ake yi. In an tashi mu wuce tabarma tare. Halas, ya wuce, Sambo, an manta. Waɗanda sunka yi maka dariya rabinsu na ƙasa."

"Ina sauran rabin?"

"Ga shi gabanka bisa jaki."

Sambo bai yi dariya ba, amma bakinsa ya motsa. Sannan Garba ya faɗi abin da ya kawo shi: gobe ɗansa Jibril zai zo da mota ya tafi da shi Damazin, a duba masa ido, kuma an riga an gyara masa ɗaki a can. Ba dawowa ba ce.

Sambo ya shiga bukka ya daɗe. Ya fito sanye da farar jallabiyar da Yalwa ta wanke ta ninke kafin ta kwanta ciwo, layin ninkin ya zauna a jikinta ya ƙi fita. A hannunsa akwai sandar baƙon nan, don tun da gwiwa ta fara damunsa da ita yake dogarawa. Sanda ce mai kyau, kuma ita ba ta yi masa laifi ba.

Garin da ya shiga ba shi ne ya bari ba. Inda yake fili da, duk rumfuna ne da bukkokin mutanen da suka gudo, yara suna wasa da Larabci, shaguna da fuskokin da bai taɓa gani ba. Ya sunkuyar da kai yana jiran wani ya nuna shi da baki. Wata mata mai tallan ta'amiyya, ƙosan Larabawa, ta ce ya matsa ya tare mata rana, shi ke nan abin da aka ce masa.

Nadin Ɗayyabu rumfar kwano ce, an toshe ramukanta da buhu don a sami duhu. Da hasken rana akwatin talabijin ɗin yake aiki, saboda haka bayan la'asar ake kallo, kafin batir ya mutu. Mutum ya fi sittin a ciki, wasu kan benci, wasu kan bulo, zufa da ƙamshin gahawar jabana sun gauraye. Ɗayyabu ya ga tsofaffi biyu, ya tashi wasu samari ya ba su benci na baya.

Aka fara. Ɓarayi huɗu ne a wani birni mai dogayen benaye, sun ƙulla za su sace wani akushin zinari a gidan wani attajiri azzalumi. Akwai shugabansu mai baƙin tabarau, akwai wani ƙato da ba ya rabuwa da cin abinci, da wani siriri mai buɗe kowane kwaɗo, da yarinyar da ke tuƙa musu mota. Mutum ɗaya ne ya yi muryoyinsu duka da Hausa, har ta yarinyar, kuma wannan kaɗai ya isa ya kayar da rabin rumfar. Samari suna tafi, wasu suna juya wa 'yan uwansu maganar da Larabci, don Hausar Kano tana yi musu gudu. Da mota ta tsallake gada, wani makanike ya miƙe ya rantse ƙarya ce, ko tarakta ba ta yin haka, aka ja rigarsa aka zaunar da shi. Da ƙaton nan ya maƙale a taga da cinyar kaza a baki, wani ya faɗo daga kan bulo yana bugun ƙasa.

"Mi ya faru? Mi ya faru?" Garba yana zungurarsa.

"Ƙaton ya toshe taga, suna turo shi ta baya."

"Da kazar?"

"Da kazar."

Sai Sambo ya ji wani abu ya fito daga ƙirjinsa, gajere, mai tsatsa. Dariya ce. Ya waiga da sauri ko wani ya ji. Kowa yana tasa. Ya saki jiki kaɗan, kafaɗarsa tana gogar ta wani saurayi da bai sani ba, ya ji daɗin hakan har ya ji kunyar kansa.

Can sai aka nuno ƙofar gidan attajirin. Mai gadi yana zaune kan kujera, dattijo mai gashin baki, makullai a ɗamararsa. Shugaban ɓarayin ya manna farin gemu, ya ɗauki sanda, ya zo yana ɗingishi ya zube a bakin ƙofa yana kiran ruwa.

Sambo ya dubi sandar da ke hannunsa. Ya daina gaya wa Garba komai.

Mai gadin ya buɗe ƙofa da gudu. Ya tallafi kan tsohon, ya cire hularsa yana yi masa fifita. A bayansa siririn ya wuce da tsani. Ya koma ya sake wucewa da igiya. Ƙaton ya wuce, ya dawo ya ɗauki abincin mai gadin da ke kan kujera, ya sake wucewa. Rumfa kamar za ta tsage. Ana fito, ana ihu, "Waiga, ya gafir! Waiga!" Mai gadin bai waiga ba. Ya kwance makullansa don suna sukar tsohon a haƙarƙari, ya ajiye su a ƙasa, ya ruga ɗebo ruwa.

Sambo ya riƙe sanda da hannu biyu, ya runtse ido. Yanzu ne. Yanzu wani zai juyo ya ce, "Sambo!" Shekara goma sha tara yana jin wannan kiran a kunnensa, yana shara yana ji, yana ban-ruwa yana ji. Ya shirya masa wuya.

Dariyar ta hau, ta kai ƙarshe, ta sauko. Aka koma harbe-harbe. Ya buɗe ido a hankali. Ƙeyoyi kawai ya gani, sittin, ba wadda ta juyo. Saurayin da ke gefensa yana share hawayen dariya da bakin riga, ya dafa gwiwar Sambo ya ce, "Ya Hajj, ka ga wawan nan?" Ya faɗa ne da zuciya ɗaya, yadda ake gaya wa kowane tsoho.

Garba kaɗai ne bai yi dariya ba. Kunnensa ya gaya masa abin da idonsa ya kasa. Ya laluba ya kama hannun Sambo.

"Ban san akwai wanga ciki ba," ya ce ƙasa-ƙasa. "Malesh, ka yi haƙuri. Da ta yau da ta rannan."

Sambo bai zare hannunsa ba.

Ya ɗauka in ba a kira sunansa ba zai ji sanyi. Abin da ya ji ya fi kama da na mutumin da ya yi ta tura ƙofa da ƙarfinsa duka, ashe a buɗe take. Yaushe suka manta? Bayan shekara? Bayan wata? Wataƙila tun kafin ya gama rufin bukkarsa sun sami wani abin dariyar. Shi kuwa ya zauna can yana gadin kunyarsa, ya hana Yalwa zaman cikin mata, ta mutu a bakin kwata ba maƙwabciyar da za ta ji nishinta. Wannan tunanin ne ya soke shi.

Fim ya ƙare da ɓarayin a cikin jirgin ruwa suna rawa, ƙaton yana cin shinkafa a akushin zinarin. Aka yi tafi, aka fara miƙewa. Sambo ya ji muryarsa ta fita ba da izninsa ba.

"Yaro, da saura."

Ɗayyabu ya juyo yana naɗe waya. "Ya ƙare, ya Hajj."

"Ba a nuna mai gadin ba. Mi ya same shi?"

"Wane mai gadi?"

"Mai gashin baki," wani ya tuna masa, ya juyo wajen Sambo. "Ai shi ba shi cikin labarin, Baba. An sa shi ne don a yi dariya."

"Yana da iyali?" in ji Sambo.

Suka yi 'yar dariya ta ladabi, irin wadda ake yi wa tsohon da bai saba kallo ba, suka fita suna gardamar yadda motar ta tsallake gada.

A waje rana ta yi ja. Wata mota tana tsaye a ƙofar nadi, Jibril yana jingine da ita. Ya gaishe su a gaggauce, ya ce ba zai iya jira sai gobe ba, hanya ba ta da tabbas, an riga an loda kayan tsohon, gara su kwana Suki su yi sammako. Garba ya yi gardama, ya ce akwai tabarma, ya yi alkawari. Jibril ya riga ya buɗe ƙofa. Da aka zaunar da shi, Garba ya miƙo hannu ta taga yana laluben iska har Sambo ya kama.

"Ka tai, ko ba ni," ya ce. "Ka ji? Ka tai."

Mota ta tashi. Mutum na ƙarshe a Hillat Mati da har yanzu yake tuna abin da Sambo ya yi, ya kuma san wane ne shi kafin ya yi, ya sha kwana a bayan injin niƙa.

Aka kira magariba. Yau ba daga nesa ya ji ba, a kansa aka yi. Ya bi sahun baya ya yi salla. Da aka fito ya tsaya jikin bango yana kallon yara suna shimfiɗa tabarmi, maza suna fitowa daga lunguna da kwanuka. Shi ba shi da kwano. Ya juya zai kama hanyar kwata, sai wani saurayi mai tsabtar riga, wanda ya ji ana kira Abdussalami, jikan liman, ya sha gabansa.

"Ina za ka, ya Hajj? Wallahi ba ka wucewa. Tafaddal, bismilla."

Ya karɓi sandar ya jingine, ya zuba masa ruwa a hannu, ya zaunar da shi a tsakiya, wurin manya. Dab da shi wani tsoho ne makaho, ba haƙori ko ɗaya, ana gutsura masa kisra, wainar dawa mai faɗi, ana sa masa a hannu. Sai da ya yi tari Sambo ya gane shi. Hamid mahauci ne.

"Wa ke nan?" in ji Hamid.

"Baƙo ne, Kaka," in ji Abdussalami.

"Marhaba da baƙo. A tura mai naman gabansa."

"Na gode," in ji Sambo. Ya faɗa da ƙarfi, ya jira ko zai gane muryar. Hamid ya gyaɗa kai ya ci gaba da tsotsar kisrarsa.

Wani daga cikin mutanen da suka gudo ya buɗe baki zai tambayi daga ina baƙon yake, Abdussalami ya ɗaga masa hannu. Ya juyo wajen Sambo da fara'ar mai nuna kayan gidansu.

"Kada ka damu, ya Hajj. Mu nan muna da wasiyyar kakanmu Malam Mati. Baƙo ba a rufe masa ƙofa, ba a tambayar sunansa sai ya kwana uku."

"Na taɓa jin labari," in ji Sambo.

Ya sa hannu a kwano tare da hannaye biyar. Tuwon dawa ne da miyar kuɓewa, gishiri ya ɗan yi yawa. Ya ci yana jin ana gardamar ruwan gona a kansa, idanunsa suna cikowa, ya bar su a kan yaji ne. Ba wanda ya yi masa dariya, kuma da wani ya yi, da ya rungume shi.

Da aka watse Abdussalami ya miƙo masa sandarsa, ya ce akwai ɗakin baƙi. Sambo ya ce yana da masauki a wajen kwata.

"To gobe muna jiranka. Kada ka sa mu zo nema."

Ya kama hanya da sauran hasken yamma, yana dogara sandar a bakin ruwa. Yau ta tafi. Saura kwana biyu su tambaye shi sunansa, kuma har ya hango bukkarsa bai yanke ko zai faɗa musu ba.